GANI YA KORI JI: ABIN DA MADUBIN YARA KE NUNAWA A CIKIN GIDAJENMU

(Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai, tsohon ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya a Funtuwa.)



Mai girma Shugaban taro, Shugaban ƙungiyarmu da 'yan majalisarsa, Shugaban makaranta, malamanmu na da da na yanzu, Allah ya ƙara muku lafiya. 'Yan uwana tsofaffin ɗalibai, da ƙannenmu da 'ya'yanmu da ke zaune can baya, ina yi wa kowa barka da zuwa, da fatan kun baro iyali lafiya.

Kwamitin shirye-shirye ya nemi in yi magana a kan ilmin kimiyya da ci gaban al'umma. Wannan take ya fi ƙarfin rabin sa'a, saboda haka na rage shi, na mai da shi kan abu guda, wato wannan ɗan akwati da kuke gani a kan tebur. Abin da ke ciki madubin ƙara girman abu ne, wanda muka saba kira madubin likita, Turawa kuma su ce maikuroskof. Ba irin na asibiti ba ne. Na yara ne, irin wanda ake sayarwa tare da kayan wasa, kuɗinsa kuma bai kai na wayar hannun da ke aljihun yawancinmu ba. Abin da nake so in tabbatar muku kafin in zauna shi ne, gurbin wannan madubi yana cikin gida, a hannun yaro, kusa da murhu da randa da rumbu, kuma ƙungiyarmu tana da ikon kai shi can.

Duk wanda ke cikin zauren nan ya yi darasin ilmin halittu. Kowa ya zana ƙwayar halittar albasa a littafinsa, ya sa mata sunaye, malam ya ba shi maki. To, amma mutum nawa ne suka gan ta da idonsu? A makarantu da yawa na ƙasar nan madubin yana kulle a kabad, mabuɗi yana hannun mutum ɗaya, ba a fito da shi sai jarrabawar WAEC ko NECO ta gabato. Ranar kuwa yara sittin za su yi layi, kowa ya leƙa na daƙiƙa biyar, wanda ya gani da wanda bai gani ba duk su ce sun gani. Ba na zargin malamai, domin abin da aka ba mutum guda biyu tak, aka ce in ya fashe za a cire a albashinsa, dole ya ɓoye shi. Amma sakamakon shi ne muna yaye ɗalibai da suka haddace kimiyya kamar yadda ake haddace sunayen manyan biranen duniya, ba su taɓa zuwa ko ɗaya ba.

Idon ɗan Adam yana da iyaka. Abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, wato kwatankwacin kaurin silin gashi, da ƙyar ido ke rarrabe shi. Malamin da ya fara bayyana yadda gani yake aukuwa bisa hujjar gwaji shi ne Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya yi aikinsa a Alƙahira. A littafinsa Kitabul Manazir ya nuna cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido, saɓanin masu cewa ido ne ke fitar da haske. Bayan ƙarni shida, a 1665, wani Bature ɗan Ingila, Robert Hooke, ya wallafa littafi cike da zanen abubuwan da ya duba a madubi. Ku ji irin abubuwan: tsinin allura, bakin aska, yadi, ƙuma, ƙwarƙwata, fumfuna, da ɓawon itacen da ake toshe bakin kwalba da shi. A cikin ɓawon nan ya ga wasu 'yan ɗakuna jere, ya kira su sel, sunan da ake amfani da shi har yau. Duk kayan gida ne.

Wanda ya fi burge ni shi ne Antoni fan Lewenhuk na garin Delft a ƙasar Holan. Bai yi jami'a ba. Ɗan kasuwa ne mai shagon yadi, irin waɗanda muke da su a kasuwar Funtuwa. Ya koyi goge ɗan mitsitsin gilashi da hannunsa har ya sami wanda ke ƙara girman abu fiye da sau 200. A 1676 ya rubuta wa ƙungiyar masana ta Landan cewa ya ga wasu halittu masu motsi a cikin ruwan da ya jiƙa masoro, a 1683 kuma ya gan su a dattin haƙoransa. Su ne ƙwayoyin bakteriya. Madubin da ke kan teburin nan, na wasan yara, ya fi nasa sauƙin aiki nesa ba kusa ba.

Bari mu shiga gida, mu fara da madafa. A sa yaro ya ɗebo gishiri kaɗan ya duba. Zai ga kowace ƙwaya tana da kusurwa huɗu kamar bulo, sai ka ce magini ne ya yanka ta. Sukari ba haka yake ba, gefensa a karkace yake. In aka narkar da gishirin a ruwa, aka ɗiga ɗigo ɗaya a kan gilashi aka bar shi ya bushe, bulon nan zai sake ginuwa da kansa, da siffarsa ta farko. Sai albasa. Akwai wata siririyar fata a cikin kowane ɓawo nata, a ɓanɓaro ta, a shimfiɗa a kan ɗigon ruwa, a ɗan taɓa mata aidin irin wanda ake sa wa rauni. Ga 'yan ɗakunan Hooke nan jere kamar tubalin katanga, kowanne da ɗigo a ciki. Aikin minti biyar ne, albasar ma ba a rasa ta a miya ba.

Aidin ɗin nan yana da wani amfani. Duk abin da ke da sitaci, in ya taɓa shi sai ya koma shuɗi mai duhu. Ƙwayar sitacin kowane abinci kuwa da irin tata siffa: ta masara mai kusurwa-kusurwa ce, ta rogo mai zagaye ce da gefe ɗaya a datse, ta dankalin Turawa babba ce kamar ƙwai, ta shinkafa ƙanana ne ƙwarai. Yarinyar da ta san wannan za ta iya gaya wa mahaifiyarta ko an haɗa nonon da aka sayo da gari don ya yi kauri, domin nono tsantsa ba ya canza launi da aidin. Ba ina nufin mu tayar da rigima da masu tallar nono ba, Shugaba, amma sani ya fi zato.

Daga madafa sai adaka, wurin tufafi, kuma a nan garinmu yana da abin faɗa. Funtuwa da Malumfashi da auduga aka san su. Kamfanin Turawan Ingila na BCGA, wanda aka kafa a 1902, ya kafa injinan gurza a wannan yanki, har sunansa ya zauna a bakinmu, muna cewa Bisije. Jirgin ƙasa da ya bi ta nan daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda ya yi ta jidar auduga da gyaɗa, daga baya masaƙa ta zo. Kakanninmu mata sun yi kaɗi da mazari shekaru aru-aru. Amma ku tambayi ɗalibin ajin ƙarshe me ya sa auduga ke kaɗuwa ta zama zare, rimi kuwa ba ya kaɗuwa, alhali dukansu farare ne masu laushi. Amsar tana cikin madubi. Silin auduga ƙwayar halitta ce guda ɗaya, doguwa, in ta bushe sai ta lanƙwashe ta murɗe kamar igiyar da aka tufka. Murɗin nan shi ke sa sili ya kama ɗan uwansa. Silin rimi kuwa santsi gare shi, kamar bututu, ba abin da zai riƙe. Zaren roba da ake saƙa yawancin yadin kasuwa da shi yau, in ka duba, miƙaƙƙe ne sumul kamar waya. Saboda haka da zare ɗaya da aka zaro daga gefen yadi, yaro zai gaya maka ko shaddar da aka ce maka auduga ce zalla, auduga ce ko kuwa an yi mata haɗi.

Akwai ƙananan abubuwa da yara ke so, zan ambace su in wuce. Hoton jarida ɗige-ɗige ne kawai. Fuskar wayar hannu, wadda muke ganin fara, 'yan fitilu ne ja da kore da shuɗi. Takardar naira tana da rubutu ƙanana da ido ba ya karantawa, an sa su don wahalar da masu buga jabu. In hunturu ya kama, a shafa ɗan basilin a kan gilashi a ajiye a taga a kwana, da safe a duba ƙurar da ta manne. Mai yawa daga cikin ƙurar nan daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Chadi, inda wani babban tafki ya ƙafe tun dubban shekaru, kuma tana ɗauke da ɓarɓashin ɓawon ƙananan halittun ruwa da suka rayu a cikinsa.

Yanzu mu je rumbu da sito, inda dukiyar wannan yanki take. Masarar da ake lodi a kasuwannin Dandume da Bakori da Funtuwa tana ciyar da jihohi da yawa. A ɗauko guntun burodi ko tuwo da ya kwana uku ya yi fumfuna, a ɗebo kaɗan da tsinin allura. Abin da muke gani kamar ƙura, a madubi daji ne sosai: zaruruwa sun bazu, wasu sun miƙe tsaye, kowanne da ƙullutu a kansa cike da iri. Hura iska ɗaya tana watsa dubbai. Yaron da ya ga wannan ya gane cewa fumfuna halitta ce mai rai, tana son laima da ɗumi, kuma share ta daga saman abinci bai fitar da saiwarta ba.

Dalilin da ya sa na tsaya a kan wannan shi ne akwai wata irin fumfuna, mai launin kore da ɗorawa, da ke kama masara da gyaɗa, tana fitar da guba mai suna afulatoksin. An gano gubar ne bayan 1960, lokacin da talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa musu da tunkuzar gyaɗa. A 2004 mutum 125 suka rasu a ƙasar Kenya bayan cin masara mai ɗauke da ita. Dafuwa ba ta kashe ta. Cin ta kaɗan-kaɗan shekara da shekaru yana lalata hanta har ya kai ga ciwon daji, yana kuma hana yara girma. Wanda ya zuba wa kaji ko shanu hatsin da ya lalace bai tsira ba, domin tana iya biyowa ta cikin nono. Madubi ba ya nuna gubar kanta, sai a ɗakin gwaji, amma yana nuna mai yin ta. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta fito da wani magani mai suna Aflasafe da ake watsawa a gona don rage ta. Amma matakin farko ba ya bukatar kuɗi mai yawa: a girbe da wuri, a shanya a kan tamfol ko daɓe maimakon ƙasa ko gefen kwalta, a bari ya bushe sarai kafin a ɗura a buhu, a ɗora buhu a kan katako. Malaman gona sun yi shekaru suna faɗar wannan a rediyo. Ina ganin ɗa ko 'ya da suka ce, "Baba, zo ka gani," sun fi rediyo shiga kunne.

Haka wake. Mutane da yawa sun ɗauka wake ne ke haifar da ƙwaronsa daga ciki. A duba bayan ƙwayar wake da ƙaramin ƙarfin madubi, za a ga wasu fararen ɗigo manne da fata. Ƙwai ne. Tun daga gona uwar take fara zuba su, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta huda ta shiga, ta ci ta girma, ta fito ta bar rami. Wanda ya san cewa abu ne mai rai da ke shaƙar iska, zai gane dalilin buhun nan mai ninki uku na PICS, da masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, wanda ke kashe ƙwaron ta hanyar toshe masa iska ba tare da magani ba. Wanda bai sani ba sai ya kwarara fiya-fiya. Mun ga abin da hakan ya jawo: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki. Su sun ƙi saya, mu kuwa muka ci gaba da ci.

A gona abu ɗaya zan ambata, wato wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji. Kowane manomin dawa da masara ya san jan furenta, amma kaɗan ne suka taɓa ganin irinta. In ka murza busasshen kanta a tafin hannu, ƙura kawai za ka gani. A madubi kowace ƙura iri ce cikakkiya, mai zane-zane a jiki, tsawonta wajen kashi ɗaya cikin uku na milimita. Tushe ɗaya yana zubar da dubban goma, suna iya kwana a ƙasa fiye da shekara goma, ba sa tsirowa sai sun ji ruwan da saiwar dawa ko masara ko gero ke fitarwa. Kafin ta leƙo sama ta riga ta sha jinin shuka. Shi ya sa ake cewa a tuge ta kafin ta yi iri, a ƙone, kada a bar ta a kunya. Akwai kuma amfanin gona da ke yaudararta ta tsiro ta rasa abin kamawa ta mutu, daga cikinsu akwai waken suya da auduga. Ashe juyin da iyayenmu ke yi tsakanin auduga da dawa yana da hikimar da ta wuce neman kuɗi. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta fitar da wasu nau'o'in masara cikin jerin SAMMAZ masu jure mata.

Na bar ruwa a ƙarshe domin nan ne madubi ya fi ba yara mamaki, nan ne kuma ya fi taɓa rai. A ɗebo ruwan kududdufi a kwalba, tare da ɗan gansakuka, a ɗiga ɗigo ɗaya. Abin da za a gani ya fi kasuwar ranar Litinin cika: masu iyo, masu juyawa, masu ja da baya. Cikinsu akwai wani ɗan ƙwaro mai ido ɗaya, macen tana ɗauke da jakar ƙwai biyu a gefe, tafiyarsa tsalle-tsalle. Dattawan da ke nan sun san ɓarnarsa ko da ba su taɓa ganinsa ba, domin shi ne ke ɗauke da 'ya'yan kurkunu. Mutum ya sha shi a ruwa, bayan kamar shekara guda tsutsa mai tsawon da kan kai mita ɗaya ta huda ƙafa ta fito, sau da yawa daidai lokacin noma. A ƙidayar da aka yi a 1988 zuwa 1989 an sami mutum fiye da 650,000 da kurkunu a Nijeriya. Babu allurar rigakafi, babu ƙwayar sha. Da me aka yaƙe shi? Da tace ruwa da ƙyalle mai ƙananan ƙofofi, da haƙa rijiyoyin burtsatse, da hana mai ciwon shiga tafki, da yawon wayar da kai wanda Janar Yakubu Gowon da Cibiyar Carter suka sa hannu a ciki. An ga na ƙarshe a 2008, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya ta rabu da shi. Ma'aikatan da suka yi wannan aiki sun san cewa hanya mafi sauri ta shawo kan mai gardama ita ce a nuna masa ƙwaron yana motsi a cikin ruwan da yake shirin sha.

Kurkunu ya tafi, tsargiya ba ta tafi ba. A shekarun 1970 likitoci daga Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful suka zauna a Malumfashi suna binciken cututtukan yankin, suka wallafa jerin rahotanni da sunan garin. Daga cikin abin da suka duba har da yadda tsargiya ke yaɗuwa a kewayen ƙananan madatsun ruwa, inda yara maza ke wanka da iyo. Kayan aikinsu na farko madubi ne da kwalbar fitsari. Ƙwan tsutsar tsargiya dogo ne, da ɗan tsini a ƙarshensa, yana fita cikin fitsari. In ya faɗa ruwa sai ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin wata ƙaramar katantanwa, ya hayayyafa, ya fito ya huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara ganin tsutsar a Alƙahira a 1851. Har yau akwai wuraren da ake ɗaukar fitsarin jini a wurin yaro alamar balaga. Ciwo ne, yana lalata mafitsara da ƙoda in ya daɗe, kuma yana da magani a asibiti. Muna da Mairuwa, muna da Gwaigwaye, muna da kududdufai a kowane ƙauye, saboda haka maganar ba ta wasu ba ce.

Randa da tsohuwar taya da gwangwanin da ruwa ya kwanta a ciki su ma a leƙa su. 'Yan tsutsotsin da ke wutsil-wutsil 'ya'yan sauro ne. Na sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro suna kwanciya a miƙe daidai da fuskar ruwa, na sauran kuwa suna rataye da kai ƙasa. A sa su a kwalba a rufe da ƙyalle, cikin kwanaki kaɗan yaro zai ga sauro ya fito. Daga ranar ba sai an aike shi ya kifar da gwangwani ba.

Wajibi ne in faɗi abin da wannan madubi ba ya yi, don kada wani ya buɗe asibiti a zaure. Ba ya gano zazzaɓin cizon sauro, wannan sai da rini na musamman da ƙara girma sau 1,000 da ƙwararren ido. Ƙwayar cutar kwalara ta yi masa ƙanƙanta, ƙwayoyin bairos kuwa ko madubin asibiti ba ya ganinsu. Saboda haka in ka duba ruwa ka ga ba komai, ba shaidar tsabta ba ce, a tafasa ko a sa masa magani. Kada yara su taɓa jini ko fitsari ko bayan gida. Yankan reza aikin babba ne. A wanke hannu bayan taɓa ruwan kududdufi, a ɗebo shi da moɗa ba tare da shiga ciki ba. Mafi muhimmanci, kada a taɓa juya madubin hasken ya fuskanci rana kai tsaye, yana iya ƙone ido.

Ga mai niyyar saye, kada rubutun kwali ya ruɗe shi. Za ka ga an rubuta sau 1,200, alhali in ka kai can ba abin da za ka gani sai hazo. Wanda ke ba da sau 40 da 100 da 400 ya wadatar, kuma kusan duk abin da na lissafa a sau 40 da 100 ake ganinsa. A nemi mai idon gilashi, ba na roba ba, mai jikin ƙarfe in da hali. Mai madubin haske ya fi dacewa da mu, tunda ba ruwansa da wutar lantarki ko batir. Abin da haske ba ya ratsawa, kamar wake ko yadi ko kuɗi, sai a haska shi daga sama da tocilar waya. Akwai ma na takarda, mai suna Foldscope, wanda Manu Prakash, ɗan asalin Indiya, da abokin aikinsa suka fito da shi a Jami'ar Stanford a 2014. Naɗe shi ake yi da hannu, yana ƙara girma sau 140, kayan haɗa shi ba su kai dala ɗaya ba. Wanda bai sami ko ɗaya ba, ya shimfiɗa farar leda a kan jarida ya ɗiga ruwa, zai ga harafi ya kumbura.

Mai girma Shugaba, ga roƙona ga ƙungiya. Mun yi fentin ƙofa, mun gyara azuzuwa, mun sayi kofunan gasa, duk sun yi kyau. A kasafin bana ina ba da shawara a ware kuɗin madubi ashirin irin wannan. Kada a kai su ɗakin gwaji, a kai su laburare, a riƙa ba da aronsu kamar littafi, daga Juma'a zuwa Litinin, a fara da 'yan aji ɗaya da biyu na ƙaramar sakandare. Kowane akwati a haɗa shi da littafin rubutu, wanda ya ara ya zana abin da ya gani, ya rubuta sunan abin, da inda ya samo shi, da kwanan wata, da ƙarfin da ya duba da shi. Zane ya fi ɗaukar hoto da waya, domin mai zane dole ya duba sau goma. In ya kai gida, ƙannensa mata da maza su ma su leƙa, har da iyaye mata, waɗanda su ne masu randa da rumbun.

Na san abin da Ma'aji zai ce: za su fasa. Gaskiya ne, wasu za su fashe, wani ma ba zai dawo ba. A sa wannan cikin lissafi tun farko, a ɗauka biyar za su tafi a shekara, a kuma cire wa malamin da ke kula da su tsoron biya daga aljihunsa. Biyar ɗin nan ba su kai abin da muka kashe a abincin taron yau ba. Muna da likitoci da malaman gona da ma'aikatan ɗakin gwaji a cikinmu, mutum huɗu ko biyar su ɗauki nauyin zuwa sau ɗaya a zango su duba littattafan yaran, su amsa tambayoyinsu. Ni na sa sunana na farko, na kuma bar wannan da ke kan tebur ya zama na ɗaya cikin ashirin ɗin.

Bayan an tashi za a kai shi bakin taga ta gabas inda haske ya fi. Na zo da gishiri, da fatar albasa, da zaren auduga da na roba, da irin wuta-wuta, da ruwan wani kududdufi da na ɗebo da safen nan a hanyar Bakori. Ɗalibai su fara, sa'an nan malamai, mu tsofaffi mu bi baya. Masu tabarau su cire kafin su leƙa, akwai abin murɗawa a gefen dama da za a daidaita da shi.